Na bi jerin tsofaffin waƙoƙi daga farko har ƙarshe: me ya sa na fada suke kama da juna a kunne?

Kunnen_Kiɗi
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai jerin tsofaffin waƙoƙin nan da masu turi a kasuwa suke zuba wa mutum a memori: Shata, Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Jankiɗi, Ɗan Anace, Ɗanmaraya, Haruna Uji, Barmani Coge, duk a folda ɗaya. Na bi shi a jere, ga abin da kunnena ya ba ni. Ɗanmaraya da Haruna Uji suna fita tas, kowace kalma ana jin ta. Barmani tana da armashi ko da kwafin ya tsufa. Shata rabi da rabi ne, wasu garau, wasu muryarsa ta yi siriri har ba ta yi kama da tasa ba. Amma waƙoƙin fada, na kotso da na taushi, sai suka zame min waƙa ɗaya doguwa. Kiɗan kamar ana buga kwali, muryoyin a cunkushe. Tambayata ga masana: waƙoƙin ne haka, ko kwafin ne ya lalace, ko kuwa yadda aka jera su ne ya kashe su? In kuma za a sake jerawa, da wa za a fara?

Injiniyan_Sauti
Wa alaikumus salam. Kafin komai, Malam, da me ka saurara? In sifikar waya ce, rabin amsar ke nan. Sifikar waya kusan ba ta fitar da komai ƙasa da haz 200 (haz shi ne ma'aunin kauri ko kaifin amo), kuma a can ƙasa ne kaurin kotso da taushi yake zaune. Abin da ke rage maka shi ne ƙarar yatsa a kan fata, shi ya sa duk suka zama ɗaya. Kuntigi da gurmi kuwa amonsu a sama yake, wajen da waya take da ƙarfi. Sa iyafis mai toshe kunne ko sifika mai faɗin inci 5 zuwa sama, ka sake jin waƙa biyu kacal, ɗaya ta Ɗanƙwairo ɗaya ta Jankiɗi. Za ka ji ba ganga ɗaya ba ce.

Bazamfare_Asali
Ko kusa ba ɗaya ba ne. Kotso yana da ƙugu irin na kalangu, sai dai baki ɗaya aka rufe da fata, ƙasan a buɗe yake, kuma da hannu ake kaɗa shi, ba da makaɗi ba. Yana da tsirkiya, don haka mai kiɗi yana iya matsawa ya ɗaga amo ya sassauta ya sauke shi. Taushi ba ya da wannan lanƙwasar. Ana liƙa masa nake, wato wani abu mai danƙo, a tsakiyar fata don amon ya yi nauyi ya zauna. To ga alamar da za ka riƙe: in ka ji amon gangar yana hawa yana sauka cikin bugu ɗaya, kotso ne, wato Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Sa'idu Faru. In ka ji shi a zaune daram, taushi ne, wato Salihu Jankiɗi, Aliyu Ɗandawo, Sarkin Taushin Katsina.

Mai_Gyaran_Rediyo
Ni maganar siririn muryar Shata zan taɓa, don wannan ba laifin sifika ba ne, gudun zare ne. Kaset yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa. Yawancin waƙoƙin da aka ɗauka a wajen biki da rikoda mai batir aka ɗauke su. In batir ya yi sanyi lokacin ɗauka, zaren yana tafiya a hankali. Ranar da aka sa shi a rediyo mai lafiya sai ya yi gudu fiye da yadda aka rera, murya ta tashi sama, kiɗa ya yi gaggawa. Ƙarin kashi 6 cikin 100 kawai ya isa ya sauya muryar mutum yadda kunne zai lura. Sannan a kwafa daga wannan kaset zuwa wani a rediyo mai baki biyu wanda bel ɗinsa ya saki, kuskure ya hau kan kuskure. Wanda ya mayar da shi fayil bai gyara ba, mai turi ya raba wa duniya.

Ɗalibar_Adabi
Duk abin da aka faɗa gaskiya ne, amma ina ganin akwai abin da ya fi na'ura. Waƙar fada ba a gina ta don a ji ta a gilme ba. Tsarinta gindi ne da ɗiya. Gindin shi ne layukan da ake komawa gare su, ɗiyan kuma su ne saƙon da ake saƙawa a tsakani. A gidan Shata, shi ne yake kawo ɗa gaba ɗaya, 'yan amshi su maimaita amshin kawai, ba sa ƙara komai. Shi ya sa ko baƙo yana bin sa cikin sauƙi. A gidan Narambaɗa da Ɗanƙwairo kuwa, jagora yana fara layi, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su ƙara nasu. Ma'anar a rabe take tsakanin baki ɗaya da baki huɗu ko biyar. Wanda ya kasa kunne ga jagora kaɗai, yana ɗaukar amshi a matsayin hutu, rabin magana zai ji. Malam Kunnen_Kiɗi, cunkoson da ka ce ka ji, a nan waƙar take.

Kunnen_Kiɗi
Malama Ɗalibar_Adabi, to yaya ake horar da kunne ya raba su?

Ɗalibar_Adabi
Ɗauki waƙa ɗaya. Ji na farko, gindin kawai za ka kama, ka rubuta shi a takarda. Ji na biyu, duk inda gindi ya dawo ka ja layi, abin da ke tsakanin layi biyu shi ne ɗa guda. Ji na uku ka bi 'yan amshi kaɗai, ka ƙyale jagora. A nan za ka ga inda yabo ya juya ya zama zambo ga abokin hamayyar sarki, don sau da yawa jagora yakan ɗana ne, yaran su harba. Kada ka yi wa waƙa fiye da ɗaya wannan aikin a zama ɗaya.

Bagobirin_Isa
A ƙara da harshe. Narambaɗa mutumin Tubali ne, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, Hausarsa ta yamma ce. Bakano ko Bazazzagi da bai saba da "munka", "sunka", "yaz zaka", "shina" ba, zai riƙa tuntuɓe a kowane layi, kafin ya warware ɗaya uku sun wuce. Wannan ma yana sa mutum ya ce duk iri ɗaya ne. Kuma a tuna ya rasu tun kafin kaset ya bazu a ƙasar Hausa, abin da ake ji yau kwafin kwafi ne daga faifai da manyan zarurrukan gidan rediyo. Ba daidai ba ne a ajiye shi gefen wanda aka ɗauka a situdiyo a shekarun 1980 a ce a gwada tsabtar sauti.

Baban_Ilham
Ni dai ban yarda a ɗora komai kan sifika da kaset ba. Akwai waƙoƙin fada da suka yi kama da juna da gaske, don ma'ajiyar yabon ɗaya ce: toron giwa, zaki, bajimi, gagara gasa, jikan wane. Mai saurare na yau da bai san sarkin ba, bai san wanda ake yi wa habaici ba, dole ya gaji. A faɗi gaskiya.

Bazamfare_Asali
Baban_Ilham, kalmomin yabo ɗaya ne, na yarda. Amma gwanintar ba a kalmar take ba, a inda aka ajiye ta ne da kuma abin da ya biyo bayanta. Saurari yadda Sa'idu Faru yake wasa Sarkin Kudu Macciɗo, sannan ka saurari Ɗanƙwairo yana wasa Sardauna. Ɗaya yana tafiya a natse yana jera magana kamar mai karantarwa, ɗaya kuma taron muryoyi ne ke ɗaga waƙar sama gaba ɗaya. Giwa tana cikin duka biyun, amma ba wanda zai rikita su.

Hajiyar_Funtuwa
Ku bar ni in sa baki kan Barmani, tunda an ce tana da armashi ko a tsohon kwafi. Dalilin a kayan kiɗan yake. Amada da ƙwarya ake yin ta, wasu a kife a ƙasa, babbar kuma a kife a kan ruwa cikin baho. Ta kan ruwan ita ke ba da kauri, kuma yawan iskar da aka bari a ƙarƙashinta shi ke saita amon: a ɗan karkata ta iska ta fita, amo ya canja. Na ƙasan su ke ba da kaifi, su kuma waya take fitarwa. Ga tafi ga guɗa. Amma jerin da ke yawo yana da gibi babba: mace ɗaya tak aka sa. Ina Uwaliya Mai Amada? Barmani ta rasu a 2013, an samu damar ɗaukar ta da na'urori masu kyau har da bidiyo, shi ya sa ta mamaye. Waɗanda suka riga ta sai an tona.

Ɗan_Damagaram
Hajiya ta yi gaskiya, kuma gibin bai tsaya nan ba. Duk jerin da aka haɗa a Kano ko Kaduna sai ka ga ya tsaya a iyaka. Babu Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram, babu Ɗan Gurmu na Tawa. Wanda ke son ya ji bambanci ya sa Ɗan Gurmu kusa da Haruna Uji na Haɗeja, hannu daban, Hausa daban.

Injiniyan_Sauti
Komawa kan gudun zare da Mai_Gyaran_Rediyo ya kawo, akwai hanyar aunawa ba da kunne ba. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar haz 50 take. In an yi ɗaukar da na'urar da ke jone da wuta, sau da yawa akwai ɗan gurnani da ya shiga zaren. Buɗe fayil ɗin a manhajar gyaran sauti ta Audacity, zaɓi wajen da aka yi shiru, duba zanen amon. In gurnanin ya tsaya a 53 maimakon 50, waƙar tana gudu da ƙarin kashi 6. Sai ka rage gudun har ya koma 50. A yi amfani da wurin canja gudu wanda ke sauke murya da kiɗa tare, ba wanda ke canja murya kaɗai ba, don a zare tare suka tashi.

Mai_Gyaran_Rediyo
Injiniya, dabarar tana da kyau amma tana da rami biyu. Na ɗaya, in da batir aka ɗauka, ba gurnanin da za a auna, kuma waɗannan su ne suka fi matsalar. Na biyu, gurnanin zai iya zama na rediyon da aka kunna kaset ɗin ranar mayar da shi fayil, shi kuwa kullum a 50 zai tsaya ko da waƙar ta karkace. In aka ga biyu, ɗaya a 50 ɗaya a gefe, na gefen ne na asali. In babu, sai a nemi wata waƙar mawaƙin ta zamani ɗaya wadda aka tabbatar da ita, a gwada murya da murya. Kuma batir ba ya mutuwa lokaci ɗaya, don haka farkon kaset yana iya zama daidai, ƙarshensa ya gudu. Irin wannan sai an yanka shi gida uku ko huɗu an gyara kowanne daban.

Bakatsine_Musawa
Tunda ana maganar Shata, gargaɗi ga masu share fayil. In ka ga waƙa biyu da suna ɗaya, kada ka goge ɗaya ka ce maimaici ne. Shata ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya. Amshin ne kawai ke tsaye, ɗiyan kuwa ya danganta da wurin da waɗanda ke zaune a gabansa. Wata mai minti 8 ce ta faifai, wata mai minti 25 ce ta dandali, da sanƙira yana jefa kirari da sunayen masu kyauta. Mutumin da ya yi waƙa fiye da shekara hamsin har rasuwarsa a 1999, muryarsa ma ta canja. Ta ƙuruciya tana da kaifi da sauri, ta tsufa ta yi kauri ta natsu. Don haka ba duk siririyar murya ce kuskuren zare ba, wata ta samartaka ce. A saurari kalangun: in shi ma ya yi tsini fiye da kima, kuntukun yana rawar jiki, zare ne. In kalangun yana da kaurinsa, muryar ce kawai sama, to shekaru ne.

Ummu_Safiyya
Wannan bayanin na Bakatsine ya warware min abu. Allah ya ƙara sani.

Mai_Gyaran_Rediyo
Ga wanda yake da kaset na asali a gida, gara ya ɗauko da kansa da ya dogara da na kasuwa. Fara da ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na saman kaset don kada a danna jan maɓalli bisa kuskure a goge. Duba ɗan audugar da ke ƙarƙashin zare a tsakiya, in ya faɗi sauti zai dusashe, a liƙa wani daga kaset marar amfani. Tura zaren gaba har ƙarshe ka dawo da shi sau ɗaya, ya saki jiki. Goge hed, wato bakin da ke karanta sauti daga zare, da sandar ƙarfen da ke jan zare da auduga da sifirit, a bari ya bushe minti 2. Robar da ke matse zaren in ta yi santsi ko ta ƙandare, ita ke sa murya rawa, kuma ita ke cin zare. Sannan babban abin da ake mantawa: akwai ɗan sukuru a gefen hed. Kowane kaset da irin karkatar hed ɗin da ya ɗauke shi. Kunna waƙar, juya sukurun kaɗan kaɗan, bai kai rubu'in zagaye ba, hagu ko dama, har ka ji tafi da harafin "s" sun fito da kaifi. Waƙar fada da yawa da ake cewa muryoyin sun cunkushe, wannan sukurun ne kawai ba a taɓa ba.

Injiniyan_Sauti
Daga nan waya daga ramin fitar sauti zuwa kwamfuta, ba a kara waya a bakin sifika ba. Ɗauka a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, kilohaz 44.1, bit 16, kada ƙarfin ya wuce layin desibel -6 a ma'aunin ƙarfin sauti a inda ganga ta fi bugawa. Minti ɗaya yana cin kusan megabait 10, wato gefe ɗaya na kaset C60 mai minti 30 zai kai 300. Wannan shi ne uwa, a ajiye shi wuri biyu. Na saurare a waya sai a fitar da MP3 a kilobit 128 ko 192 a daƙiƙa, kusan megabait 1 zuwa 1.5 a minti. Na kasuwa da yawa an matse su zuwa 64 ko ƙasa don memori ya ɗauki dubu, kuma muryoyi biyar a tare su ne farkon abin da matsi ke dagulawa. Mai kuntigi shi kaɗai da murya ɗaya ba ya shan wahalar haka. Mayar da fayil ɗin 64 zuwa 320 kuma ba ya dawo da komai, nauyi kawai yake ƙarawa.

Baban_Ilham
To masu cire ƙarar "shuu" ɗin nan fa? Akwai waɗanda aka wanke a YouTube, sun fi daɗin ji.

Injiniyan_Sauti
A yi hattara. Manhajar wankin ba ta san bambancin shuu na zare da shuu na goge ba. Goge da kukuma izgar doki ce ke gogar izgar doki, wannan ɗan kaushin yana cikin kiɗan. In aka matsa wankin, Garba Supa da Ahmadu Doka sai su koma kamar fiyano, wutsiyar amon ganga ta yanke, murya ta riƙa ƙyalƙyali irin na ƙarfe. Kada a wuce desibel 6, kuma a saurari abin da aka cire shi kaɗai kafin a amince. In ka ji kalma ko tafi a cikinsa, ka yi yawa.

Hajiyar_Funtuwa
Wanki ma da sauƙi. Abin da ke ɓata min rai shi ne masu ɗora kiɗan kwamfuta a kan muryar mamaci. Kiɗan kwamfuta ba ya jira, su kuwa makaɗan nan suna jan numfashi tare da mai waƙa, su ja baya in ya ja, su matsa in ya matsa. Irin waɗannan kada a sa su cikin jerin tsofaffi sam.

Bagobirin_Isa
Akwai kuma matsalar suna. Fayil da yawa an rubuta Narambaɗa alhali Ɗanƙwairo ne ko Kurna, duk abin da aka ji kotso a ciki sai a liƙa wa wanda aka fi sani. Hanya mafi sauƙi ita ce a saurari wanda ake wa waƙar da garuruwan da ake ambata, sannan mawaƙan nan sukan ambaci kansu da yaransu a ciki. In an tabbatar, a rubuta sunan fayil haka: mawaƙi, wanda aka yi wa, kayan kiɗa, tsawon minti. In waƙa ta yanke a minti 30 ko 45 cif, ba ƙarshenta ke nan ba, gefen kaset ne ya ƙare, a nemi ci gabanta.

Kunnen_Kiɗi
Na gode ƙwarai. Saura rabin tambayata na biyu: jerin. Da wa za a fara, wa zai bi wa?

Ɗalibar_Adabi
Ni da yawan muryoyi zan jera. Fara da mai waƙa shi kaɗai, Ɗanmaraya da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Sai gurmi. Sai Shata, inda amshi ya shigo amma bai ɗauki ma'ana ba. Sai Ɗan Anace da waƙoƙin dambe da noma, inda kirari ya yi yawa. Fada a ƙarshe, lokacin da kunne ya koyi bin baki fiye da ɗaya. Kuma a kashe maɓallin da ke cakuɗa waƙoƙi.

Bazamfare_Asali
Ban goyi bayan a bar fada a ƙarshe ba, Malama. Lokacin kunne ya gaji. Abin da ya fi nauyi shi ake ba sabon kunne. Waƙar fada biyu a farko, bai wuce minti 30 ba, sannan a sauko kan kalangu, a rufe da amada ko gurmi. Kuma kada a jera kotso uku a jere, a sa taushi a tsakani don bambancin ya fito.

Bakatsine_Musawa
Ni kuwa ina ganin folda ɗaya ga kowa ita ce kuskuren tun farko. Waƙar Shago ta Ɗan Anace don filin dambe aka yi ta, amada don cikin gida ranar biki, taushi don ƙofar fada. A raba su gida gida, kowane zama a ɗauki gida ɗaya.

Injiniyan_Sauti
Kowane tsari aka ɗauka, a daidaita ƙarfin sautin fayilolin tukuna. In tsohuwar ɗauka mai sanyi ta biyo bayan sabuwa mai ƙarfi, kunne zai yanke mata hukuncin rauni kafin a yi layi biyu. Manhajar MP3Gain tana yin wannan ba tare da ta sake matse fayil ba, a bar ta a desibel 89 ɗin da ta zo da shi, in an ɗaga sama ganga za ta fara fashewa.

Ɗan_Damagaram
Wanda ya gyara nasa kuma zai turo wa zaure, ya turo fayil ɗin kansa a matsayin takarda a WhatsApp. Kada ya kunna a rediyo ya danna saƙon murya, wannan yana mayar da aikin baya gaba ɗaya. Malam Kunnen_Kiɗi, ka duba mana ma nawa ne nauyin fayil ɗaya na Jankiɗi a naka da tsawon mintinsa. In waƙar minti 10 ba ta kai megabait 5 ba, kwafin za a fara canjawa kafin a yi gardamar jeri.